Dankalin da ke ƙin garin furensa da wanda ke karɓa: ina gaskiyar take?

Tambaya: Ni ɗalibin aikin gona ne, gidanmu kuma manoman dankalin Turawa ne a Bokkos. Na karanta cewa dankali ba ya karɓar garin furensa, wai masana sun shafe shekaru suna neman hanyar karya wannan shinge. Amma a gonarmu ina ganin wani iri yana yin 'ya'ya kore kamar ƙananan tumatir ba tare da kowa ya yi masa barbara ba. Wanne ne daidai? Kuma idan na shuka ƙwayoyin da ke cikin 'ya'yan nan, zan sami irin dankalin uwar?

Amsa: Abin da ka karanta daidai ne, abin da idonka ya gani ma daidai ne. Dankali biyu ake magana a kai, littafin ya ɗauki ɗaya, gonarku ta nuna maka ɗayan.

Kowace ƙwayar jikin dankali tana ɗauke da zarurrukan gado, waɗanda masana ke kira kuromosom, kala 12. Dankalin da muke nomawa, irin su Nicola da Diamant da Marabel, yana da kwafi huɗu na kowane zare, jimla 48. Amma mafi yawan dangin dankali na daji a Kudancin Amurka, da wasu da manoman tsaunukan Andes ke nomawa kamar rukunin Phureja, kwafi biyu suke da shi, jimla 24. Masu kwafi biyun nan su ne yawanci ke ƙin garin furensu. Mai kwafi huɗu kuwa yana karɓa, muddin garin nasa mai rai ne. Dalilin wannan bambanci shi ne wurin da zancen ya fi daɗi, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Idan ka buɗe furen dankali za ka ga 'yan sanduna biyar rawaya sun kewaye wani siririn wuya kore. Sandunan nan ke fitar da garin fure, abin da manomin gero zai kira bununi. Wuyan kuma hanya ce zuwa mahaifar furen da ke ƙasa. Idan ƙwayar gari ta sauka a kan wuyan, sai ta fitar da wani siririn tsiro ya ratsa ta cikinsa har ya isa mahaifa, a nan ne ake samun iri. A dankali mai ƙin kai, wuyan cike yake da wani furotin da ake kira S-RNase. Guba ne ga tsiron. Yana shiga cikin kowane tsiro da ya biyo hanyar, na gida ko na baƙo, ya sassare sinadarin RNA da tsiron ke buƙata don ci gaba da girma. An fara gano ƙwayar gadon wannan furotin, wato guntun zaren gado da ke ɗauke da umarnin yin sa, a 1986 a Jami'ar Melbourne ta Ostireliya, a jikin wani dangin taba, a 1989 kuma aka tabbatar cewa aikinsa sare RNA ne. Taba da tumatir da dankali da gauta duk gida ɗaya suke, shi ya sa abin da aka gano a ɗaya ya haska sauran.

To yaya garin baƙo ke tsira? Kowace ƙwayar gari tana zuwa da makarinta, wasu furotin da ake kira SLF. Aikinsu su kama gubar, su manna mata alama, sai injin share shara na cikin ƙwayar ya niƙe ta. Ƙwayar gadon gubar da ta makaran suna zaune manne da juna a wuri guda a kan zare na 1, ana gadonsu tare, ana kiran wurin S. Kuma wurin yana da nau'o'i masu yawa: S1, S2, S3, har gaba. Ga hikimar: garin da ke ɗauke da S1 yana da makarin gubar S2 da S3 da sauransu, amma ba shi da makarin gubar S1. Kamar mai maganin saran maciji ne da ya san maganin kowane maciji sai wanda ke cikin gidansa. Binciken da aka yi a Japan kan furen fetuniya a 2010 shi ya fito da wannan fili, cewa ba makari ɗaya ba ne, tawaga ce, kowanne da gubar da yake kamawa.

Yanzu ɗauki shuka mai kwafi biyu, S1S2. Wuyan furenta yana da guba biyu. Garinta kuwa kowace ƙwaya kwafi ɗaya take ɗauka, ko S1 ko S2. Mai S1 gubar S1 za ta kashe shi, mai S2 gubar S2 za ta kashe shi. Ba mai isa mahaifa. Tsiron yakan tsaya tun a kashi ɗaya cikin uku na saman wuyan, furen ya bushe ya faɗi.

Sai kuma mai kwafi huɗu, S1S1S2S2. Garinsa kwafi biyu yake ɗauka. Idan ka lissafa yadda ake zaɓo biyu daga cikin huɗun nan, ɗaya cikin shida S1S1 ne, ɗaya cikin shida S2S2, huɗu cikin shida kuwa S1S2. Wannan na ƙarshen yana ɗauke da tawaga biyu ta makari: tawagar S1 ta karya gubar S2, tawagar S2 ta karya gubar S1. Sai ya wuce salin-alin. Ka ga ba wani sabon abu aka ƙara wa shukar ba, ninka zarurrukan kawai ya rushe shingen. 'Ya'yan da kake gani a gonarku ta nan suka fito. Iska ko ƙudan zuma na daji sun girgiza furen, garin ya zubo kan wuyansa, shi ke nan.

Kafin na wuce, gargaɗi biyu. 'Ya'yan nan ba a cin su, suna da gubar solanin, a kula da yara. Na biyu, idan ka ga wani iri ba ya 'ya'ya ko kaɗan, kada ka yi saurin cewa ƙin kai ne. Irin dankali da yawa garinsu matacce ne saboda wani gado da ke zuwa ta wajen uwa, wasu kuma zafi ne ke kakkaɓe furen kafin ya ɗauka. Ɗalibai da yawa suna haɗa waɗannan abubuwa biyu, rashin haihuwa da ƙin kai, alhali ba su da alaƙa.

Zuwa tambayarka ta biyu. A'a, ba za ka sami irin uwar ba. Kwafi huɗun da ke jikin Nicola ba iri ɗaya ba ne, sun sha bamban da juna a dubban wurare. Duk lokacin da aka yi iri sai an sake cakuɗa su. Ɗa guda yakan ƙunshi ƙwayoyi ɗari ko fiye, kuma kowace ƙwaya sabon dankali ne daban: wani dogo, wani kewayayye, wani ya nuna da wuri, wani ya makara, da yawa kuma ba su kai uwar ba. Wannan ne ya sa kusan duk duniya da dankalin kansa ake shuka dankali. Kuɗin wannan tsari kuwa gidanku ya fi ni saninsa. Hekta ɗaya tana cin tan biyu zuwa biyu da rabi na iri. Irin yana ruɓewa a ajiya, yana da nauyin ɗauka, kuma duk cutar bairos da darɓa ta sa wa uwar, da cutar ƙwayar bakteriya mai sa yaushi, suna bin dankalin zuwa gonar baɗi. Shekara uku, huɗu, sai ka ji ana cewa iri ya gaji.

A ɓangaren masu ƙirƙiro sabon iri ma wahalar ɗaya ce. Ana haɗa iyaye biyu, a shuka 'ya'ya dubbai, a yi ta tacewa shekara goma zuwa goma sha biyar kafin a fitar da guda. Idan kuma an sami iri mai kyau, ba a iya ƙara masa hali ɗaya tak, misali juriyar cutar bilait mai ƙona ganye da damina, a bar sauran yadda suke. Da ka sake haɗa shi da wani, duk tsarin ya wargaje. Shi ya sa Bintje na Holan, da ya shiga kasuwa a 1910, da Russet Burbank na Amurka, wanda shi ma ya haura shekara ɗari, har yau ake noma su.

Masara ta fita daga irin wannan ƙangi tuntuni. Ana sa shuka ta yi wa kanta barbara zuriya bayan zuriya har kwafinta biyu su zama iri ɗaya, a sami tsarkakken layi. Sai a aurar da layi biyu, 'ya'yan farko su fito bai ɗaya, masu ƙarfi. Shi ne irin haibirid da ake sayarwa a leda. Me ya hana a yi wa dankali haka tunda mai kwafi huɗu yana karɓar kansa? Lissafi ne ya hana. A shuka mai kwafi biyu, kowace zuriya ta barbarar kai tana rage bambancin da rabi. Zuriya shida, saura ɗaya cikin 64. A mai kwafi huɗu kuwa kashi ɗaya cikin shida kawai ke raguwa kowace zuriya, sai ka yi wajen zuriya 23 kafin ka kai inda wancan ya kai a shida, kuma shukar ta daina haihuwa tun kafin nan. Dole a koma kwafi biyu. Komawar ba ta gagara ba, tun ƙarshen shekarun 1950 masana a Wisconsin suka nuna cewa idan aka yi wa mai kwafi huɗu barbara da garin wasu Phureja na musamman, wasu 'ya'yan sukan fito da rabin zarurrukan uwar kaɗai. Amma da ka koma kwafi biyu sai shingen ƙin kai ya dawo. Gaba kura, baya sayaki. A nan aka tsaya shekaru masu yawa.

A 1998 Kazuyoshi Hosaka da Robert Hanneman suka ba da rahoton wani tsiro na Solanum chacoense, dankalin daji na yankin Chaco a Ajantina da Faragwai da Bolibiya, wanda kwafi biyu ne amma yana karɓar garinsa. Suka nuna cewa ƙwayar gado ɗaya ce mai rinjaye ke yin wannan, kuma ba a wurin S take ba, tana can ƙarshen zare na 12. Suka sa mata suna Sli, wato mai danne S. Daga wannan jinsi ne masana a Wisconsin suka fitar da layin M6 a 2014, bayan zuriya bakwai ta barbarar kai. A Holan kuma Pim Lindhout da abokan aikinsa na kamfanin Solynta suka wallafa a 2011 cewa sun shigar da Sli cikin dankalin noma mai kwafi biyu, sun fara samun layuka. Mutane da yawa a wannan fage ba su yarda abin zai kai ko'ina ba a lokacin, kuma shakkunsu na da dalili, domin chacoense ba sadaka yake bayarwa ba. Yana zuwa da ƙananan dankali, da dogayen jijiyoyi masu kai dankalin nesa da gindi, da ɗaci mai guba. Sai an yi ta komawa ga dankalin noma kafin a wanke waɗannan.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk labarin nan ya zo a 2020, daga Jami'ar Wageningen. Corentin Clot da abokansa suna neman tushen karɓar kai da ake gani jefi-jefi a dankalin noma mai kwafi biyu, sai binciken ya kai su wuri ɗaya da Sli a zare na 12. Da suka duba bayanan DNA na irin da ake nomawa, sai ga wannan yanki a jikin da yawa daga cikinsu. Tarihin asalin irin ya nuna mai yiwuwa ya shigo ne ta Rough Purple Chili, dankalin da Chauncey Goodrich ya samo ta Panama zuwa jihar New York a 1851, kakan Early Rose da Burbank da ɗimbin irin Turai da Amurka. Ashe abin da aka je nema a daji yana cikin gida fiye da shekara 150, ba wanda ya lura, saboda a mai kwafi huɗu ba ya nuna kansa. Amfanin wannan ga mai ƙirƙirar iri babba ne: yana iya ciro Sli daga dankali mai kyau, ba sai ya ɗauko kayan chacoense ba.

A 2021 ƙungiyoyi biyu, ɗaya ta Solynta da Wageningen, ɗaya ta masana a ƙasar Sin, suka gano ainihin ƙwayar gadon Sli, rahotanninsu suka fito a mujalla ɗaya. Sli furotin ne mai irin kan da SLF ke da shi, wanda ke haɗa shi da injin share shara, amma shi yana kama gubar S-RNase kala-kala ba tare da ware ta gida ba. Makari ne na gama-gari. Kuma dankali mai ƙin kai ma yana da wannan ƙwayar gado, sai dai ba ta aiki a cikin garin fure. A nau'in mai karɓar kai, wani guntun DNA mai haruffa 533 ne ya kutsa gaban ƙwayar, wurin makunninta, shi ya sa take kunnuwa a garin fure. Ɗan wannan guntu, a cikin kundin gado mai haruffa sama da miliyan 800, shi ne bambancin.

Akwai wani abu a gadon Sli da nake so ka riƙe, domin ana yawan kuskurensa a jarrabawa da kuma a fili. Da farko an ɗauka cewa idan shuka tana da Sli, duk garinta ya tsira. Ba haka ba ne, kowace ƙwayar gari da abin da ta ɗauka take tsira. Ɗauki shuka mai kwafi ɗaya na Sli da ɗaya marar aiki, ka yi mata barbarar kai. Rabin garinta ba shi da Sli, zai mutu a wuya. Wanda ya isa mahaifa duk mai Sli ne. Saboda haka 'ya'yan ba za su fito 1:2:1 irin na Mendel ba. Rabi za su zo da kwafi biyu, rabi da ɗaya, babu ko guda marar shi. Duk zuriyar mai karɓar kai ce. Wannan karkacewar lissafi ita ce ma ta taimaka wajen gano ƙwayar gadon Sli. Illarta kuma ita ce duk abin da ke maƙwabtaka da Sli a zare na 12, mai kyau ko marar kyau, yana bin sa cikin zuriyar ko kana so ko ba ka so.

Akwai hanya ta biyu, a kashe gubar daga tushe. A 2018 ƙungiyar Sanwen Huang a Sin ta yi amfani da almakashin gado na CRISPR ta lalata ƙwayar S-RNase a wani Phureja, ya koma karɓar kansa, a 2019 kuma Jami'ar Jihar Michigan ta yi irin haka. Hanya ce mai tsafta, ba ta jawo kayan daji. Tumatir ɗin da muke ci ma ai haka ya zama mai karɓar kai, gubarsa ce ta daina aiki tun a kakanninsa. Sai dai dokokin ƙasashe kan shukar da aka taɓa gadonta sun bambanta, Sli kuwa barbara ce ta gargajiya, ba ruwanta da wannan taƙaddama. A ganina shi ya sa ya fi yaɗuwa.

Yanzu ga inda nake so ka yi hattara da rubuce-rubucen da ke cewa an gama. Karɓar kai ƙofa kawai ta buɗe. Dankali ya yi dubban shekaru ana shuka shi da jikinsa, duk lahanin da ya faɗa wa wata ƙwayar gado ya zauna, saboda lafiyayyen kwafi yana rufe shi. Ka san yadda sikila take: mai AS lafiyarsa ƙalau, sai an haɗa S biyu ciwon ke bayyana. To dankali ɗaya yana ɗauke da irin wannan ɓoyayyen lahani a wurare masu ɗimbin yawa, barbarar kai kuma ita ce hanya mafi sauri ta haɗa su biyu-biyu. Zuriya ta farko da ta biyu za ka ga wasu ƙwayoyin ba su tsiro ba, wasu sun fito farare fat ba koren ganye sun mutu, wasu sun tsumbure, wasu sun girma amma ba fure, wasu furen ya zo amma garin ba rai. Shukar tana da Sli, amma me Sli zai yi wa garin da bai rayu ba? Mafi yawan layuka a nan suke yankewa.

Abin ya fi tsanani inda lahani biyu ke dab da juna, ɗaya a kan kwafin uba, ɗaya a kan na uwa. Duk wanda ka zaɓa ka tsarkake, ka tsarkake lahani. Sai dai ka shuka dubbai, ka yi amfani da alamomin DNA ka nemo 'yan tsirarun da zaren ya karye ya sake haɗuwa daidai tsakanin biyun. Da wannan dabara ce Chunzhi Zhang da Sanwen Huang suka fitar da layuka masu tsarki sosai, wasu sama da kashi 99 cikin ɗari, suka aurar da su, suka ba da rahoton haibirid ɗinsu Upotato 1 a 2021. A 2023 wannan ƙungiya ta ƙara nuna wani abu da ya saɓa wa hankalin manomi: shukar da ta fi kyan gani ba lallai ita ce ta fi dacewa a fara da ita ba, domin ƙarfinta na iya zama lahani ne da yawa a rufe. Wata mai rauni-rauni, wadda lahaninta ya riga ya fito fili ta kuma rayu da shi, ta fi ba da layi mai ɗorewa.

Abin da ake hange ya cancanci wahalar. Solynta na cewa giram 25 na ƙwayar iri na maye gurbin kilo 2,500 na dankalin shuka a hekta. Ƙwayar ba ta ɗauko mafi yawan cututtukan da dankali ke ɗaukowa, tana yin shekaru a ajiya, kuma tunda iyayen tsarkaka ne, ana iya ƙara musu ƙwayoyin juriyar bilait biyu ko uku cikin 'yan shekaru ba tare da an rasa sauran halayen ba. A 2024 Kenya ta yi wa wasu irin haibirid na kamfanin rajista. Ga manomin Bokkos ko Mangu, ko na Tabelot a tsaunukan Ayar na Nijar, wanda kuɗin iri ke cinye kaso mafi tsoka na jarinsa, wannan ba ƙaramin zance ba ne. Amma ka sa a ranka cewa ƙwayar ƙanana ce ƙwarai, tsironta ba shi da ƙarfin wanda ya fito daga dankali, sai an yi renonsa kamar tumatir a dasa, kakar kuma takan ƙara tsawo. Ni na fi ganin hanyar da za ta fara karɓuwa ita ce wasu ƙwararrun manoma su rena ƙwayar, su fitar da ƙananan dankali masu tsafta, su sayar wa maƙwabta a matsayin iri.

Tunda kai ɗalibi ne, ga abin da za ka iya gwadawa da hannunka, a gida ko tare da ma'aikatan cibiyar binciken dankali ta Kuru. Zaɓi irin nan mai 'ya'ya. Rufe wasu furanni da jakar takarda tun ba su buɗe ba. Idan sun buɗe, ka kaɗa garin da sassafe, ka shafa wa wuyan furen shukar da ya fito daga gare ta, ka mayar da jakar. Kada ka tsaya nan. Kai garin nan kan furen wani iri daban da ka cire wa sandunansa tun yana toho, don ka san ko garin na da rai. Sannan ka kawo garin wani iri ka sa wa taka shukar, don ka san ko mahaifarta na ɗauka. Sai waɗannan biyun sun yi 'ya'ya, barbarar kai kuma ta ƙi, kake da hujjar cewa ƙin kai ne. Idan akwai madubin ƙara girma mai hasken ultrabayolet a sashenku, ka cire wuyan furen bayan kwana biyu, ka rina shi da shuɗin anilin, za ka ga tsiron yana ƙyalli, ka ga inda ya tsaya ko ya wuce. 'Ya'yan da suka ɗauka kuma ka bar su wajen mako shida, ka tsinke, ka ajiye su yi laushi, ka matse ƙwayoyin ka wanke ka shanya a inuwa. Sabuwar ƙwaya takan yi barci na wasu watanni, kada ka zubar da ita don ta ƙi tsirowa nan take. Idan ta tsiro, ka dasa kowace ɗaya daban, ka ba ta lamba, ka haƙe kowane gindi shi kaɗai a jakarsa.